Wa Ke Biyan Kuɗin Binciken Manyan Kamfanoni?

A farkon shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewacin Najeriya, ta ci rayukan dubban mutane, akasarinsu ƙananan yara. Ana tsakiyar wannan tashin hankali ne ma'aikatan kamfanin magunguna na Pfizer suka sauka a Asibitin Zana da ke Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna ba maganinsa ba, kuma ya ce an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama sun ce ba wanda ya gaya musu cewa gwaji ake yi a kan 'ya'yansu.

A tsakiyar birnin Kano aka yi abin, amma duniya ba ta ji cikakken labarinsa ba sai a Disamba 2000, da jaridar Washington Post ta Amurka ta buga binciken da ta ɗauki watanni tana yi a kan yadda ake gwajin magunguna a ƙasashe matalauta. Daga nan ne ta fito cewa takardar izinin da aka jingina gwajin da ita, daga baya aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a 2001, kwamitin ya gama aiki, rahoton ya yi ɓatan dabo, har sai da wannan jarida ta sake tono shi a 2006. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007. A 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko sun karɓi diyya a 2011, dala dubu 175 kowannensu. Shekara 15 ke nan daga ranar da aka ɗura wa yaro magani zuwa ranar da aka miƙa wa uba cek.

Duk lokacin da na tuna wannan lissafi, tambaya ɗaya ce ke damuna. Me ya sa sai da aka taso daga Washington? Kano ba ta rasa 'yan jarida masu basira da ƙarfin zuciya ba a wancan lokacin, kuma har yau ba ta rasa ba. Abin da babu shi ne gidan jaridar da zai iya ɗauke wa wakilinsa nauyin kawo labarin yau da kullum na tsawon wata shida, ya biya masa mota da masauki, ya nemo likitan da zai karanta masa takardun asibiti, ya ɗauki lauyan da zai bi rubutun layi-layi kafin a buga, sannan ya tsaya masa ranar da sammaci ya zo.

Binciken kamfani ya fi binciken ɗan siyasa tsada, kuma ya kamata a fahimci dalili. Ɗan siyasa yana da abokan hamayya, su da kansu za su kawo maka takarda har ofis. Kamfani ba shi da jam'iyyar adawa. Takardunsa a kulle suke, ma'aikatansa sun sa hannu kan alƙawarin yin shiru, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 an gina ta ne a kan hukumomin gwamnati, ba ta cika kaiwa ga aljihun teburin kamfani mai zaman kansa ba. Sannan maganar muhalli ba a yin ta da "mutanen gari sun ce". In ka rubuta cewa ruwan rijiya ya gurɓace, lauyan kamfani zai tambaye ka: da wane sinadari, nawa ne adadinsa a kowace lita, wa ya ɗebi ruwan, a wane ɗakin gwaji aka auna, kuma ta yaya ka san daga bututunmu ya fito? Kowace amsa kuɗi ce.

Ga kuma babbar matsalar da kowa ya sani a ɗakin labarai amma ba a cika faɗa a fili ba. Jaridu da gidajen rediyo da talla suke rayuwa, masu tallar kuwa su ne bankuna, kamfanonin waya, na siminti, na mai, sai gwamnatocin jihohi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba sai manajan kamfani ya bugo waya ya yi barazana ba. Edita da kansa ya san shafin da ke biyan albashi. Ƙara da cewa Facebook da Google sun kwashe kaso mai tsoka na kuɗin talla a duniya, sai ɗan abin da ya rage ya zama abin lallaɓawa. Wakilin da ya yi wata uku bai ga albashi ba, aka miƙa masa ambulan na "kuɗin mota" bayan taron manema labarai, ba zan yi masa wa'azi ba. Amma ba shi ne zai je ya auna hayaƙin masana'antar ba.

Wannan gibin ne tallafin gidauniyoyi ya zo cikewa. Tsarin ya daɗe. A 1969 wata sabuwar gidauniya a Amurka, Fund for Investigative Journalism, ta ba wani ɗan jarida mai zaman kansa, Seymour Hersh, dala 250 don ya bi diddigin wata jita-jita. Abin da ya tono shi ne kisan gillar da sojojin Amurka suka yi wa ɗaruruwan fararen hula a ƙauyen My Lai na Biyetnam. Dala 250 ta fara buɗe wannan ƙofa. Yau masu irin wannan aiki sun yawaita: akwai Cibiyar Pulitzer a Washington, akwai Journalismfund a Beljiyam, akwai Earth Journalism Network mai kula da labaran muhalli. A Afirka ta Yamma akwai CENOZO a Wagadugu, wadda aka sa wa sunan Norbert Zongo, ɗan jaridar da aka kashe a Disamba 1998. A Najeriya kuwa cibiyoyin bunƙasa aikin jarida irin su ICIR da CJID da Cibiyar Wole Soyinka su kan karɓo babban tallafi su rarraba shi ƙanana-ƙanana ga wakilai.

Yadda abin ke tafiya kusan iri ɗaya ne ko'ina. A yi shela, ɗan jarida ya rubuta abin da yake zargi da hujjar farko da ke hannunsa, ya haɗa da kasafin kuɗi, ya kawo wasiƙar edita mai alƙawarin za a buga. Alƙalai su tace. Wanda ya dace a ba shi wani kaso ya fara, ragowar sai ya kawo aiki. Masu tsari mai kyau su kan gina katanga tsakanin mai ba da kuɗi da mai rubutu. Journalismfund, alal misali, ba ta bayyana sunayen alƙalanta yayin da suke kan aiki, don kada wani ya kama musu ƙafa.

Kuma tsarin yana haifar da ɗa mai ido, wannan ba abin musu ba ne. A ƙarshen 2025 wata kafa mai rayuwa da tallafi, The Examination, ta haɗa kai da New York Times da Premium Times suka binciki masana'antun narka tsofaffin batiran mota a garin Ogijo na Jihar Ogun. Ba su tsaya ga jin koken mazauna ba. Sun sa an gwada jinin mutum 70, aka tarar da gubar dalma mai cutarwa a jikin mafi yawansu, sannan suka bi dalmar daga tukunyar narki zuwa tashar jirgin ruwa har zuwa masu haɗa batir a Amurka. Wannan bin sawu shi ne ƙashin bayan aikin. Kamfanin da ke Ogun zai iya toshe kunne ga kukan maƙwabtansa, amma mai saye a Amurka ko Turai yana tsoron sunansa. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam a 2011, Faransa ta yi dokar da ta wajabta wa manyan kamfanoninta sa ido kan abin da rassansu da masu kawo musu kaya ke yi a 2017, Jamus ta bi sahu da tata da ta fara aiki a 2023, hujjar da aka tattara a ƙauye ta zama abin da za a iya ɗauka zuwa kotu a Turai. Manoman Neja Delta sun nuna hanya: a Janairu 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara a Holan ta ɗora wa reshen Shell na Najeriya alhakin malalar mai a gonakinsu, bayan shari'ar da aka fara tun 2008.

To ina matsalar take? Ni a ganina, yawancin tallafin labari yake saye, alhali rigima da kamfani ba ta ƙarewa ranar da aka buga labari. Ranar ma take farawa.

A duba abin da ya faru bayan jirgin ruwan da kamfanin dillancin man fetur na Trafigura ya yi haya ya sauke dagwalo, wani ɗan kwangila ya zubar da shi a unguwannin Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa, a Agusta 2006. Mutum sama da dubu 100 suka nemi magani, hukumomin ƙasar suka ce an rasa rayuka. Kamfanin ya biya gwamnatin Kwaddibuwa kusan dala miliyan 198 ba tare da amsa laifi ba, kuma ya musanta cewa dagwalon ya kashe kowa. A 2009 lauyoyinsa suka samo umarnin kotu a Landan da ya hana jaridar Guardian buga wani rahoton cikin gida, har ya hana ta faɗin cewa an hana ta. Kamfanin ya kuma maka BBC a kotu kan ɓata suna, BBC ta janye zargin, ta nemi afuwa, ta biya fam dubu 25. BBC ke nan, mai rundunar lauyoyi. Yanzu sai a ƙiyasta ƙaramar jaridar intanet a Bauci ko Damagaram mai ma'aikata shida.

Irin wannan ƙara ba don a ci nasara ake shigar da ita ba. Don a gajiyar da kai ne. A shigar da ita a wata jiha mai nisa, a nemi diyyar biliyoyin naira, a yi ta ɗage zama, kai kuma kana biyan motar lauya duk wata har ka rasa na buga labari na gaba, abokan aikinka su ga abin da ya same ka su shafa wa gemunsu ruwa. Lokacin da aka kashe 'yar jaridar Malta, Daphne Caruana Galizia, da bam a mota a Oktoba 2017, ƙararraki sama da 40 ne ke rataye a wuyanta. Sai a 2024 Tarayyar Turai ta yi dokar da ke ba alƙali damar yin watsi da irin wannan ƙara tun da wuri. Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu ta amince da irin wannan kariya a 2022, a shari'ar da wani kamfanin haƙar ma'adinai na Ostareliya ya shigar kan masu fafutukar muhalli da lauyoyinsu. Najeriya ba ta da wannan doka. Abin da muke da shi shi ne laifin ɓata suna da har yanzu ke iya kai mutum gidan yari, da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ko bayan gyaran 2024 ba a daina kama 'yan jarida da shi ba. Jaridar WikkiTimes ta Bauci ta sha sammaci a kan bincikenta, kuma ba ita kaɗai ba ce.

Shi ya sa nake ganin duk tallafin da ya biya kuɗin mota da otal da kyamara, amma bai tanadi lauya kafin bugu da bayan bugu ba, ya tura yaro ne farautar zaki da gwafa. Akwai masu ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka, kamar Media Defence da ke Landan, da shirin Reporters Shield da aka ƙaddamar a 2023 don kare kafafen da aka kai ƙara. Sai dai shi wannan na biyun da kuɗin USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, aka kafa shi, kuma nan ne wata matsalar ta ɓullo.

A Janairu 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje. Ƙungiyar Reporters Without Borders ta ce a ciki akwai dala miliyan 268 da majalisar Amurka ta ware wa kafafen yaɗa labarai masu zaman kansu a wannan shekarar. Cikin makonni kaɗan gidajen jarida daga Yukiren zuwa Latin Amurka suka fara sallamar ma'aikata. OCCRP, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin binciken ƙwaƙwaf a duniya, wadda aka ruwaito cewa kusan rabin kuɗinta na tsawon shekaru daga gwamnatin Amurka yake fitowa, ita ma ta rage ma'aikata. A nan gida, babban shirin gidauniyar MacArthur na yaƙi da cin hanci, wanda ya riƙe kafafe da yawa tun 2016, ya kammala wa'adinsa a 2024. Kayan aro ba ya rufe katara. Duk kafar da ta jingina da bango ɗaya ta ji a jikinta.

Ko da kuɗin bai yanke ba, tambayar ladan kuturu ba ta ɓace ba, sauya riga ta yi. Dukiyar gidauniyoyi daga kasuwanci ta fito: ta Ford daga motoci, ta Rockefeller daga man fetur, ta MacArthur daga inshora, ta Gates daga Microsoft. Wani bincike da mujallar Columbia Journalism Review ta buga a 2020 ya ƙirga sama da dala miliyan 250 da gidauniyar Gates ta ba harkar jarida. Ban yarda da masu cewa duk wanda ya karɓi tallafi ɗan amshin shata ne ba. Galibi masu wannan magana su ne waɗanda binciken ya taɓa. Jami'in gidauniya bai cika ɗaga waya ya ce a cire wani sakin layi ba. Tasirin ya fi haka laushi. Shi ne ke zaɓen maudu'in shelar bana. In an ce dazuzzuka, kowa ya koma dazuzzuka. In an ce sauyin yanayi, sai wakilin da ke da labarin ma'aikatan da injin ya guntule wa hannu ya fara neman yadda zai cusa kalmar yanayi a takardarsa. Ba a hana ka faɗin gaskiya ba, amma wani ne ya nuna maka inda za ka haska fitila.

Dubi abin da ke ƙofar gidanmu. Shekaru da dama masana'antun jima da na rini a Sharaɗa da Challawa da Bompai suna sakin dagwalo cikin magudanai, ruwan yana gangarawa kogin Challawa da na Jakara, manoman rani suna ban-ruwa da shi, latas da kabejin suna shigowa kasuwa. Malaman jami'a sun yi ta auna wannan ruwa suna rubutawa a mujallun da ba mai karantawa sai junansu. Labari ne na kamfani, na muhalli, na haƙƙin ɗan Adam, cikakke. Abin da ya rage masa shi ne sunan wani shahararren kamfani na Turai da zai ja hankalin alƙalan tallafi, ko da yake wanda ya bi sawun fatar da ake jemewa a Kano har inda take zama jaka da takalmi zai iya samo sunan.

A Arlit, a arewacin Nijar, ma haka. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a can. Waɗanda suka fara kai na'urar awo ba 'yan jarida ba ne: wata ƙungiyar 'yan garin, Aghir In'Man, ce ta gayyato masana na CRIIRAD, wata cibiyar awon tururin nukiliya, daga Faransa a 2003, sannan Greenpeace ta zo a 2009 ta tarar da tururin nukiliya a wasu titunan Akokan, garin da ke maƙwabtaka da Arlit, da ya ninka na al'ada har sau 500, kuma huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗiba yuraniyom ɗin da ke cikinsu ya haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. An rufe mahaƙar Cominak ta Akokan a 2021, aka bar tsaunin dagwalo na miliyoyin tan. A 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe Somaïr, kamfanin da ke haƙar yuraniyom a Arlit, daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Mutane da yawa sun yi murna, kuma na fahimci dalilinsu. Amma ƙurar da ke shiga huhun yaron Akokan ba ta san an sauya mai kamfani ba. Ɗan jaridar da zai binciki wannan yanzu da gwamnatinsa zai kara, kuma in aka ji da kuɗin Turai ya yi aikin, an sami sandar dukansa tun kafin a karanta abin da ya rubuta.

Sai maganar harshe, wadda ta fi ci mini rai. Da Ingilishi ko Faransanci ake yin shelar, da su ake cika takarda, da su ake buga sakamako, a shafin intanet mai nauyin buɗewa. Mutumin da aka ɗebi jinin ɗansa, aka ɗauki hoton rijiyarsa, sau da yawa ba ya taɓa jin abin da aka gano. Labarin ya ci kyauta a Legas ko Landan, shi kuma yana nan yana shan ruwan. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara daga 2010, abin da ya fi gaggawa shi ne uwa ta ji, da harshen da take ji, cewa dutsen zinariyar da ake daka a tsakar gida shi ne ke kashe mata 'ya'ya. Kuma mun ga abin da rashin bayani ke haifarwa: raɗaɗin Trovan na cikin abubuwan da suka rura wutar ƙin rigakafin shan inna a 2003. Inda gaskiya ta makara, jita-jita ce ke zama a kujerarta. Kasafin da bai ware kuɗin mayar da bincike shirin rediyo na Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ba, da kuɗin komawa garin a zauna a ƙofar fadar dagaci a karanta wa mutane sakamakon gwajin, bai cika ba.

Ba na kiran a guji tallafin waje. In aka janye shi yau, abin da zai maye gurbinsa shiru ne. Abin da nake so daga masu bayarwa bai da yawa: su riƙa tallafa wa gida ba labari ɗaya ba, na shekara uku ba wata uku ba, da lauya a ciki, da ɗakin gwaji a ciki. Su kuma kafafen su bayyana wa mai karatu wanda ya biya, kamar yadda kafar bincike ta amaBhungane ta Afirka ta Kudu ke wallafa sunayen masu ba ta kuɗi. Wannan kafar ce a 2023 wani rukunin kamfanoni ya samo umarnin kotu a asirce don toshe mata baki, ta tsaya ta yi shari'a, bayan kimanin wata guda aka soke umarnin. Ta iya tsayawa ne don tana da masu riƙe ta fiye da ɗaya.

Mu ma muna da namu tsarin da ya girmi duk waɗannan gidauniyoyi, wato waƙafi. Attajiranmu suna gina masallatai, suna haƙa rijiyoyin burtsatse, Allah ya saka musu. Amma rijiyar da aka haƙa kusa da magudanar masana'anta tana buƙatar wanda zai auna ruwanta ya faɗi abin da ya gani ba tare da tsoro ba. Gida ɗaya na haya a Kano ko Kaduna, in aka yi waƙafinsa, aka damƙa shi ga amintattun da ba mai gidan ne zai riƙa juya su ba, kuɗin hayarsa zai iya riƙe wakilai biyu da lauya ɗaya shekara da shekaru. Na san inda gizo ke saƙar: da yawa daga masu irin wannan hali su ne masu masana'antun. Shi ya sa sharaɗin farko da za a rubuta a takardar waƙafin shi ne, in bincike ya biyo ta kan kamfanin mai bayarwa, ba za a tsallake shi ba. Kwalaben ɗibar ruwa ba su da tsada, kuma daga Sharaɗa zuwa ɗakin gwajin Jami'ar Bayero tafiyar 'yan mintuna ce a Adaidaita Sahu.